Yadda ake shiga aikin jakadanci a Najeriya

Na sha jin matasanmu suna cewa aikin jakadanci na 'ya'yan wane da wane ne, wanda ba shi da kowa a Abuja kada ma ya ɓata takalminsa. Maganar nan tana ci mini rai, domin na ga yadda take sa yaro mai ƙwaƙwalwa ya janye jiki tun ba a buga gangar ba. Ban musa cewa ana alfarma a ƙasar nan ba. Amma ƙofar ƙa'ida tana nan, kuma yawancin waɗanda na ga ta kuɓuce musu, ko dai takardunsu ne suka saɓa wa juna, ko sanarwa ta fito ta rufe ba su ji ba, ko kuma an miƙa musu biro su rubuta shafi ɗaya abin ya gagara. Duk waɗannan ana gyara su, sai dai shekaru kafin ranar ake farawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka fara sanin cewa jakadu iri biyu ne. Akwai wanda shugaban ƙasa yake ɗaukowa daga siyasa ko jami'a ko kasuwanci, kamar yadda Shugaba Shehu Shagari ya tura Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai kuma wanda ya shiga Ma'aikatar Harkokin Waje yana ƙaramin jami'i, ya yi ta hawa mataki-mataki har furfura ta fito, irin su Alhaji Aminu Sanusi, wanda yana cikin rukunin farko da aka ɗauka a 1957 tun kafin samun 'yancin kai, ya riƙe ofisoshin jakadanci daban-daban, ya kai ga zama babban sakataren ma'aikatar. Dukkansu shugaban ƙasa ne yake naɗa su, Majalisar Dattawa ta amince, kamar yadda sashe na 171 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Hanyar farko ba a cike mata fom. Ta biyun ce za mu bi, kuma abin da zan faɗa ya shafi namiji da mace, ko da yake da "ka" nake magana.

Mataki na farko: karatun da za ka yi

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, sannan digiri daga jami'ar da gwamnati ta amince da ita. Fannonin da suka fi kusa da aikin su ne hulɗar ƙasa da ƙasa, kimiyyar siyasa, tarihi, shari'a, tattalin arziki da harsunan waje. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da digiri a nazarin harkokin ƙasa da ƙasa, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife kuma ta daɗe da yin suna a wannan fanni. In kana cikin wani fannin daban, kada ka karaya, kowace sanarwa tana zuwa da jerin digirorin da ake karɓa, kuma ma'aikatar tana da buƙatar akantoci da masu kula da sadarwa da sauran ma'aikatan gudanarwa. Ka dai fito da sakamako mai kyau. Inda mutum dubu suke neman kujera goma, da sakamako ake fara tankaɗe.

Mataki na biyu: harshe

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ɗan Arewa yake da jari a hannu bai sani ba.

Dubi taswira. Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, duk ƙasar da muka haɗa iyaka ta ƙasa da ita, da Faransanci ake gudanar da yawancin aikin ofis a cikinta. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 tana Njamena. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar tana Yamai. A ECOWAS, wadda hedikwatarta take Abuja, da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal ake aiki. Jami'in da yake jin Faransanci da kunnensa, ba sai tafinta ya juya masa ba, yana kama abin da aka faɗa a gefen taro lokacin shan shayi, kuma sau da yawa ainihin maganar a can take fitowa. Akwai Ƙauyen Koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagry, akwai cibiyar Alliance Française a Kano da wasu manyan birane. In kuwa kai ɗan Katsina ne ko Sakkwato ko Daura, mai 'yan'uwa a Maraɗi ko Damagaram ko Birnin Ƙonni, to makarantarka tana tsallaken iyaka. Ka je hutu, ka roƙi 'yan'uwanka 'yan boko su daina yi maka Hausa na awa biyu kowace rana.

Larabci kuma, da yawanmu mun taso da shi a islamiyya, muna iya karanta littafi da i'irabi daidai, amma a ce mu saurari labaran rediyo mu taƙaita su, sai mu tsaya. Larabcin jarida da na ofis shi ake so a ƙara a kan na littafi. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da Ingilishi, Faransanci, Sifaniyanci, Rashanci da Sinanci. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, tana cikin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi tun 1986, ga Alƙahira, ga Aljeriya, ga ƙasashen yankin Gulf. Duk wurare ne da ake neman mai jin Larabci.

Shawarata, ka zaɓi harshe ɗaya ka riƙe shi da gaske har ka samu satifiket da za ka iya nunawa. Gara ɗaya mai ƙwari da uku na gaisuwa. Kuma kada neman baƙon harshe ya sa ka manta da Ingilishi, domin da shi za ka yi rubutu kullum. Ka ɗora wa kanka wannan aiki tun kana aji biyu a jami'a: kowane mako ka ɗauki labari ɗaya na duniya, ka rubuta shafi ɗaya tak, me ya faru, me ya jawo shi, ina ya taɓa Najeriya, me ya kamata ta yi. Ka kai wa malamin da ba ya jin kunyar jan biro ja. Mako hamsin na wannan ya fi kowane littafin shirin intabiyu da ake sayarwa a bakin titi.

Mataki na uku: gyaran takardu

Wani ƙanena, yaro mai hazaƙa, mun zauna da shi a tabarma muka baje takardunsa domin cike fom. A takardar firamare sunansa Muhammadu. A ta sakandare Mohammed. A digiri an taƙaita shi, an kuma sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Shekarar haihuwa a katin ɗan ƙasa ta girmi ta takardar haihuwa da shekara biyu, saboda wanda ya cike masa fom a shagon kwamfuta ya yi ƙiyasi ne kawai. Kwana tara suka rage a rufe shafin. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, rana ta ƙare masa a layi, har aka rufe bai gama ba. Ranar da ya dawo ya ajiye fayil ɗin a gabana bai ce komai ba, ni ma na rasa abin da zan ce masa. Laifin har da namu manyansa, da ba mu duba masa tun da wuri ba.

Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka fito da waɗannan ka jera su: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko takardar rantsuwar shekaru, takardar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket na digiri, takardar NYSC, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma wadda muke kira indijin, da lambar NIN. Ka bi su harafi-harafi. Suna ɗaya, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. In akwai saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, in canjin suna ne ka buga a jarida ka adana shafin, sannan ka nemi gyara a inda kuskuren yake. Ka ɗauki hoton kowace takarda da na'urar sikana, tas, ka ajiye a imel ɗinka.

Takardar indijin kada ka raina ta. Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya wajabta a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye ba, kuma Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa tana sa ido a kan haka. Ma'ana, jiharka tana da kaso. Abin takaici shi ne a ware wa jiha gurbi, a rasa wadatattun 'ya'yanta da suka nema da cikakkun takardu. Sannan ina roƙonka da girman Allah, kada ka rage shekaru. Ƙaryar da aka rubuta a fayil tana bin mutum shekara talatin, kuma ranar da ake shirin ɗaga shi babban matsayi ake tono ta.

Mataki na huɗu: hidimar ƙasa da zaman jira

Ba a ɗaukar mai digiri aikin gwamnatin tarayya sai da takardar kammala NYSC, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. In an tura ka Kudu, ka je. Wanda yake son ya wakilci Najeriya a waje ya kamata ya taɓa zama a Ebonyi ko Ekiti, ya ci abincinsu, ya san yadda suke kallon ƙasar.

Bayan nan sai jira, domin ba kowace shekara ake ɗaukar ma'aikata ba. Kada ka zauna a majalisar unguwa kana ƙirga watanni. Ka yi digiri na biyu in da hali, ka koyar, ka yi aiki da jarida ko ƙungiyar agaji, ka ci gaba da harshenka.

Mataki na biyar: sanarwa da cike fom

Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wato FCSC, ita take ɗaukar manyan ma'aikata ga ma'aikatun tarayya, har da ta Harkokin Waje. Tana fitar da sanarwa a jaridun ƙasa da shafinta na intanet, a can kuma ake cike fom. Ka tabbata adireshin shafin ya ƙare da gov.ng. Ka karanta sanarwar sau biyu, ka duba iyakar shekaru, digirin da ake so, da adadin guraben da aka yarda mutum ɗaya ya nema. Ka cike da hannunka, ko ka zauna kusa da mai cikewa kana kallon allon. Lambar waya da imel su zama naka, waɗanda kake dubawa kullum, domin ta nan gayyata take zuwa. Kada ka bari sai makon ƙarshe, lokacin da shafi yake cushewa.

Fom kyauta ne. Duk wanda ya ce maka yana da gurbi a hannu, ka kawo miliyan kaza, ɓarawo ne ko dillalin ɓarayi. Na san gidan da aka sayar da gona aka biya, aka kawo musu takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, yaro ya ɗinka sababbin kaya ya tafi Abuja, a wurin tantancewa aka ce takardar jabu ce. Gona ta tafi, aiki babu, kuma da ƙyar ya tsira daga tuhuma. Irin wannan hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ake kai wa ƙara.

Mataki na shida: jarrabawa da intabiyu

Waɗanda aka tantance ana kiransu jarrabawa, a 'yan shekarun nan a kan kwamfuta, sannan ganawa ido da ido. Ka shirya wa Ingilishi, lissafin hankali, al'amuran yau da kullum, da fanninka.

Ga mai neman Harkokin Waje, akwai abubuwan da bai kamata a tambaye shi ya yi shiru ba. Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ita ce ƙasa ta 99, kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya yi jawabi; sunansa ne a kan ginin ma'aikatar a Abuja. Jaja Wachuku ne ministan harkokin waje na farko bayan Ɓalewa ya saki riƙon ma'aikatar a 1961. Sashe na 19 na Tsarin Mulki ya zayyana manufofin hulɗarmu da waje: kare muradin ƙasa, haɗin kan Afirka, zaman lafiyar duniya, mutunta dokokin ƙasa da ƙasa da sasanta rikici ta hanyar tattaunawa, da neman adalci a tsarin tattalin arzikin duniya. Ka san an kafa ECOWAS a Legas a 1975, ka san Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga cikinta a Janairun 2025, ka kuma iya bayanin abin da hakan yake nufi ga ɗan kasuwar Jibiya da Illela. Ka san jawabin Janar Murtala Muhammad a Addis Ababa a Janairun 1976 kan Angola, da rawar da Najeriya ta taka wajen yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ka san hukuncin Kotun Duniya na 2002 kan Bakassi da yarjejeniyar Greentree ta 2006 kan miƙa yankin ga Kamaru. Ka san 'yan Najeriya biyu sun shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Joseph Garba a 1989 da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande a 2019, kuma Amina Mohammed ta zama mataimakiyar babban sakataren majalisar a 2017.

Sannan ka nemo Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci da ta 1963 kan ƙananan ofisoshin jakadanci. Ba su da tsawo, kuma suna intanet kyauta. A ta farkon za ka ga ayyukan ofishin jakadanci guda biyar: wakilci, kare muradin ƙasa da 'yan ƙasa, tattaunawa, tattara bayani ta halastacciyar hanya a aika gida, da ƙarfafa zumunci. Za ka kuma ga cewa rigar kariyar da ake ba jami'i ba ta ɗauke masa wajibcin bin dokar ƙasar da yake zaune ba.

Ranar intabiyu ka isa da wuri, da takardunka na asali da kwafinsu a fayil. Kaftani mai tsabta da hula ya wadatar, haka kwat, haka atamfa da mayafi. Ka gaishe su, ka jira a ce ka zauna. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Masu tambayar sun shekara suna sauraron masu kame-kame. In an jefo maka tambaya mai zafi kan addini ko ƙabila ko siyasa, sanyin kanka ake aunawa. Kuma tun yanzu ka koma shafinka na Facebook da sauran su ka duba abin da ka taɓa rubutawa cikin fushi, domin aiki ne da ake binciken halin mutum kafin a damƙa masa sirrin ƙasa.

Mataki na bakwai: shekarun farko a ofis

Mai digiri na farko yana shiga a matakin albashi na 8. Za a tantance takardunka, a sa ka a tsarin biyan albashi na IPPIS, ka buɗe asusun fansho, ka yi rantsuwar riƙe sirri. Shekara biyu na farko na gwaji ne, sai ka ci jarrabawar dokokin aikin gwamnati da na kuɗi kafin a tabbatar da kai. Sababbin jami'ai suna samun horo a Makarantar Horar da Jami'an Jakadanci, inda ake koyar da ladubban karɓar baƙi da tsarin zama, dokar ƙasa da ƙasa, dabarun tattaunawa da rubutun jakadanci.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce albashin farko ba ya ɗaukar hayar tsakiyar Abuja. Da yawa a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba suke kwana, su yi sammako saboda cunkoso. Aikin kuma fayil ne: ka rubuta wa maigidanka taƙaitaccen bayani kafin ya gana da jakadan wata ƙasa, ka ɗauki bayanin taro, ka tsara wasiƙar da ma'aikata take aika wa ofisoshin jakadanci, ka tsaya a filin jirgi da tsakar dare kana jiran baƙo. A nan ake gane wanda za a dogara da shi. Jami'in da rubutunsa ba ya buƙatar gyara da yawa, manya ba sa manta sunansa.

Mataki na takwas: fita waje

Bayan wasu shekaru a hedikwata sai a tura ka ofishi a waje, galibi na shekara uku ko huɗu, ka dawo gida, a sake tura ka. Ba kai kake zaɓa ba. Kowa yana hango Landan da Washington, amma ƙananan ofisoshi a Afirka, inda jami'ai ba su da yawa, su suke koya wa mutum aiki, domin shi ne mai rahoton siyasa, shi ne mai biza, shi ne mai tarbar baƙi. Muƙamai suna tafiya daga sakatare na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, sannan mashawarci, sannan minista a ofishin jakadanci, wanda ba minista ba ne irin na majalisar zartarwa. A ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar Ingila da ƙasashen da ta raina, kamar Ingila da Ghana, Babban Kwamishina ake kiran shugaban ofishin. In babu jakada, babban jami'i ne yake riƙon ƙwarya, kamar yadda aka gani a ofisoshi da dama bayan an kira jakadu gida a Satumbar 2023.

Sashen da ya fi taɓa zuciyata shi ne na kula da 'yan ƙasa. Baiwar Allah da aka yaudara da aikin gida aka ƙwace mata fasfo, sai an yi mata takardar tafiya ta gaggawa. Ɗan kasuwar da aka tsare, wanda yarjejeniyar 1963 ta ba jami'i damar ziyartarsa a kurkuku. Alhajin da ya ɓace wa tawagarsa. Gawar da dangi suke jira. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dubban ɗalibanmu, yawancinsu 'yan Arewa, sai da aka kwaso su daga Khartum a motocin safa zuwa iyakar Masar da Port Sudan kafin a sa su a jirgi. A irin wannan rana, tsohuwar da ba ta jin kowane harshe sai Hausa, in ta ji jami'i ya ce mata "Sannu Hajiya, kwantar da hankalinki, daga wane gari kike?", rabin tsoronta ya tafi. Shi ya sa nake son 'ya'yanmu su shiga aikin nan da yawa, maza da mata.

Ka yi shawara da iyalinka tun da wuri. Yara za su riƙa sauya makaranta, matarka ko mijinki zai iya ajiye nasa aikin, iyaye za su tsufa kana nesa, wani lokacin kuma kuɗin gudanar da ofis yana makara.

Ƙarin girma a aikin tarayya yana zuwa ne bayan aƙalla shekara uku a kowane mataki daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama, da jarrabawa, kuma sai in akwai gurbi. Ana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ka lissafa da kanka za ka ga wanda ya shiga yana da shekara 26 ya fi wanda ya shiga yana da 34 damar kaiwa matakin da ake zaɓar jakadu.

In wannan ƙofar ba ta buɗe ba a karon farko, ka sake nema, kuma ka leƙa na kusa da ita. Shirin TAC na gwamnatin tarayya, mai ba wasu ƙasashe agajin ƙwararru, da aka kafa a 1987 yana tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. ECOWAS da Tarayyar Afirka suna tallata gurabensu a shafukansu. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jarrabawar matasan ma'aikata ga wanda bai wuce shekara 32 ba, mai digiri, mai jin Ingilishi ko Faransanci sosai, sai dai jerin ƙasashen da ake karɓa yana sauyawa kowace shekara, don haka sai ka duba ko Najeriya tana ciki a shekarar da kake nema.